Wanda Ya Tsaya Jiran Filashin

Ni na fara ganin jinin, duk wanda ya ce muku shi ne, ku ce ya zo ya maimaita a gabana. Teburina yana ƙarƙashin matakalar gininmu, nan nake sayar da ruwan sanyi da sabulu, nan kuma nake sauraron abin da bai shafe ni ba. Ranar, bayan azahar kaɗan, na dawo daga bayi na tarar wani abu ja yana ɗiga a kan murfin kulata. Na ɗaga kai. Daga ƙarƙashin ƙofar Sannu-Sannu yake fitowa, ya bi gefen baranda yana saukowa.

Sannu-Sannu mai gyaran kwamfuta ne a hawa na ɗaya. An sa masa sunan ne don ko fitila ka kai masa sai ta yi mako. Aikin da ya yi suna a kai shi ne filashin. Yadda jikana ya fahimtar da ni, a cikin kwamfuta akwai wani kati mai fanka, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, shi ke zana duk hoton da ake gani. Kamfani ya rubuta masa doka a cikinsa, ya ce ga iya gudunka, kada ka wuce. Sai Sannu-Sannu ya goge dokar ya zuba wata, katin ya yi ta sheƙa gudu kamar an biyo shi. Masu wasa da masu haɗa bidiyo layi suke yi masa.

Na hau da gwiwoyin nan nawa, na tura ƙofa. Yana kwance rubda-ciki tsakanin kujera da bango, ƙeyarsa a buɗe, yatsunsa na motsi a kan siminti. A gefensa ga akwatin ƙarfen nan mai ba kwamfuta wuta, gashi ya manne a kusurwarsa. Injin wutar gini yana ta ruri a tsakar gida, shi ya sa babu wanda ya ji komai. Amma ni da na buɗe bakina, har injin sai da aka daina ji.

*

Kafin a sauko da shi, ginin ya riga ya yanke hukunci. Jikana, in ji su.

Dogo ɗan 'yata ne, yana haɗa bidiyon biki a hawa na biyu, magidanci da 'ya'ya biyu, bakinsa ya fi hannunsa zafi. Katinsa ya kwana tara a wurin Sannu-Sannu. Da safiyar ranar ya tsaya a baranda ya ce, kowa na ji, "Wallahi in na dawo ban same shi ba sai na fasa maka kai." Ni ma na ji. Har na ce masa, "Maigida, rage murya, kai da ko kaza ba ka iya yankawa."

'Yan'uwan Sannu-Sannu mahauta ne, su uku, rumfarsu na bayan layinmu. Biyu suka ɗauke shi zuwa asibiti. Babban ya tsaya. Ya sa sarƙa ya ɗaure ƙofar gini, ya hau sama ya jawo Dogo ta ƙafa, kansa na bugun matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ya ɗaure shi a jikin ƙarfen matakala da igiyar awaki. Da Dogo ya ce ba shi ba ne, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburina, ya sauke masa bayan wuƙa sau uku. Na ji ƙarar kowane yatsa. Na kama rigarsa, ya girgiza ni na faɗa kan kula.

Sai ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya ajiye wuƙar kusa da ita.

"Kaka, ki ji da kyau," in ji shi. "In wayar nan ta yi ƙara aka ce mini ƙanena ya cika, a nan zan kwantar da jikanki. Wanda ya kira hukuma ya kira, kafin su karya sarƙa na gama."

Masu shaguna suka yi cirko-cirko, babu wanda ya ce uffan. Ni kuwa na hau na ja ƙofar Sannu-Sannu na rufe, na zaro 'yar wayata daga lalita na kira ƙanen mijina.

*

Mai Sawu ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin sata da mutanen da suka ɓace a daji, yanzu ya tsufa, yana zaune a gida yana damun matarsa. Mahaucin ya buɗe masa ƙofa don ya taɓa gano masa shanu huɗu.

Ya dubi Dogo, ya dubi wuƙar, ya dube ni.

"Matar yaya, kin sake jawo mana."

"Ni na raine ka da majina a hanci, ka wuce mu je."

A shagon bai bar ni na shiga ba. Ya cire takalmansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kwantar da kunci kusan a ƙasa yana kallon siminti ta gefe. Kusa da ƙofa duk an tattake, sawun masu ɗaukar mara lafiya ne. Ya nuna mini wani sawun daban da sandarsa.

"Wannan mai takalmin soso ne. Ya shigo taku ɗaya, ya juya a kan diddige, ya fita da gudu."

Ya bi jikin bango a hankali har gaban teburin aiki. Can ya tsaya.

"Zo ki leƙa, kada ki taka."

Jinin ya malala har ƙarƙashin tebur. A tsakiyarsa akwai wuri biyu busassu, siminti fari tas, kamar an zana ƙafafu biyu a jere. Suna fuskantar allon kwamfuta.

"Wani ya tsaya nan kafin jinin ya iso," in ji shi. "Ya zo ya kewaye masa takalma, har ya fara kama jikinsa, bai ɗaga ƙafa ba. Minti huɗu ko biyar. Ya juya wa mutum baya yana shure-shure, shi yana kallon allo."

"Kallon me?"

"Da na sani da na tafi gida."

Kwamfutar a kashe take, cikinta a buɗe, wurin katin babu komai. Wayoyin da aka zare an lanƙwasa su gefe guda. Ƙusar da ke riƙe katin an kwance ta an sa a cikin murfin kwalba tare da 'yan'uwanta. A kan kantar shagon kuma ga katin Dogo, da sunansa a jikin salatif, babu wanda ya taɓa shi.

"To ai shi ke nan," na ce. "Ga nasa nan."

"Je ki gaya wa mai wuƙa haka, ki ga ko zai kwance shi."

*

Na ce mu fara da mijin mai kitso. Na san abin da na sani. Sau uku ina ganin mai kitso tana shiga shagon Sannu-Sannu da waya a hannu, ta fito tana gyara ɗankwali, kuma wayar da ake gyarawa sau uku a wata ai ba waya ba ce. Mai Sawu ya bi ni ba don ya so ba. Mai kitso ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mijinta yana kwance a gida da karaya wata biyu ke nan, Sannu-Sannu kuwa ɗan ƙanwar uwarta ne, nono ɗaya suka sha. Ta ƙara da wata magana a kaina da ba zan rubuta ba.

"Minti goma kin cinye mana," in ji Mai Sawu a matakala.

Daga ƙasa na ji Dogo yana nishi.

Mai takalmin soso bai yi wuyar samu ba. Mai gidan wasa ne, wanda ke da kwamfutoci takwas a ƙarshen baranda, inda ƙattai ke wuni suna harbin juna a allo. Mun same shi yana goge bakin wandonsa da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce tun safe bai fita ba. Mai Sawu ya ɗaga takalminsa na hagu ya juya masa ƙasan. Ga jini nan a jiki.

"Baba, na je, amma a kwance na same shi. Wallahi a kwance."

"Me ya kai ka?"

"Jiya na ba shi kati ɗaya ya ƙara masa gudu, don yaran suna ƙorafin wasa na tsayawa. Da hantsi ya kira ni ya ce in zo da azahar, akwai abin da sai na gani da idona."

"Ka ga mutum cikin jini ka koma ka zauna?" na ce. "Uwarka ta yi asarar haihuwa."

"Kaka, katina ne a cikin injin. Wa za a fara kamawa?"

Mai Sawu ya auna takalmin da tafin hannu, ya girgiza kai. Sannan ya sunkuya ya raɗa masa wata tambaya a kunne. Na miƙa wuya har ya yi ƙara, ban ji tambayar ba, ban ji amsar ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a ranar, ban da yatsun Dogo.

*

Saura wanda zai fassara mana injin. A ginin mutum ɗaya ne ya san aikin bayan Sannu-Sannu, shi ne Gwani, mai shago a hawa na biyu, yana gyara yana kuma sayar da kayan kwamfuta. Gida ɗaya suka koyi aiki. Mutum ne tsaf-tsaf, riga a cikin wando, gaisuwa har ƙasa.

Yana zaune a bayan kanta. Ya ba mu kujeru, ya ce abin ya girgiza shi. Ya ce Dogo mutumin kirki ne, sai dai zuciya, kuma zuciya ba ta shawara.

"Ɗana, ni jahili ne a nan," in ji Mai Sawu. "In ana filashin ɗin nan, me ake gani a allo?"

"Lamba ce ke tafiya, Baba, daga ɗaya zuwa ɗari. Ana goge tsohon rubutu ana zuba sabo. In wuta ta yanke a tsakiya, katin ya mutu, babu tsoho babu sabo. Ko sunansa ba zai iya faɗa ba."

"To in mutum na sauri fa?"

Gwani ya yi murmushi, ya naɗe hannun riga ya nuna mana wasu tabo dogaye a damtsensa.

"Maigidanmu da wayar wuta ya koya mana. Sau ɗaya na zare soket yana sittin. Ya ce ko gobara ta tashi, ko an ce uwarka ta faɗi, sai ya kai ɗari, ka kashe injin yadda ake kashewa, sannan ka gudu. Sannu-Sannu ma yana da irin tabon."

Mai Sawu na gyaɗa kai, amma idonsa na kan kantar bayan Gwani, inda aka jera ƙwaryar kwamfutoci marasa komai a ciki. Na duba ban ga abin kallo ba. Ni abin da na gani daban ne. Da Gwani ya miƙe zai raka mu, na ga yatsun ƙafarsa.

A matakala na ja rigar Mai Sawu.

"Shekara goma sha biyu ina ganin yaron nan yana wuce teburina. Ko alwala zai yi sai ya ɓuya, saboda farcensa ɗaya baƙi ne, matarsa ta gaya wa mai kitso. Kullum takalmi sau-ciki mai sheƙi. Yau silifas ɗin bayi ne a ƙafarsa."

Ya dube ni.

"Yaya ya sha wahala, amma dai ba a banza ba."

A nan wayar mahaucin ta yi ƙara.

*

Na sauka matakalar nan ban san da ƙafa na sauka ba. Mahaucin yana tsaye, waya a kunne. Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To." Ya yi salati a hankali, ya ajiye wayar, ya ɗauki wuƙar ya goga ta a cinyarsa. Ya kama gashin Dogo ya tanƙwara kansa baya.

Na faɗa a kan jikana, na sa wuyana a kan nasa.

"Fara da tsohon nama."

"Kaka, tashi."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Mai Sawu daga sama. "Na taɓa kai ka inda shanunka suke, ban kai ka gidan da ba shi ba. Ka hau ka ga abu ɗaya. In bai gamsar da kai ba, igiya ba za ta gudu ba."

Mahaucin ya daɗe yana huci a kaina. Sannan ya saki gashin.

Aka taru a baranda, a ƙofar shagon, har da mai kitso da mai gidan wasa da Gwani. Mai Sawu ya nuna wa mahaucin ƙafafun nan biyu.

"Jikan matar nan ƙafarsa kamar faranti take, ba za ta shiga nan ba. Amma bar wannan. Kai mahauci ne. Wanda ya fasa kan mutum cikin fushi, me yake yi?"

"Gudu."

"Wannan bai gudu ba. Ya tsaya jini na kewaye shi, yana kallon allo. Da ya gama kallo ya kashe injin, ya kwance ƙusa, ya sa ta a murfi, ya lanƙwasa waya. Dogo da zai ɗauki kati, fizge shi zai yi har da rabin injin." Ya juya ga mai gidan wasa. "Faɗa musu abin da ka faɗa mini. A ina ka sayi katunanka?"

"Wurin Gwani. Duka takwas."

Gwani ya yi dariya kaɗan. "Rabin ginin nan a wurina suke saye, Baba."

"Haka ne. Ina takalmanka?"

"Suna wurin mai gyara."

"A kan kantarka akwai ƙwarya tara. Ƙuda sun bar takwas sun taru a kan ta uku daga hagu, suna shiga ta ramin fanka. Ƙarfe ba ya kiran ƙuda."

Mahaucin da kansa ya hau. Muna jin takunsa a sama. Ya dawo da ƙwaryar, ya ɗaga ta ya maka a ƙasa, murfin ya yi tsalle. Takalma sau-ciki suka faɗo, jini ya zana musu layi a kewaye kamar an yi da alƙalami. Bayansu katin ya biyo, a naɗe cikin ledarsa, an like bakinta da kyau.

Gwani ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya tura shi.

"Ƙananan katuna ne tsofaffi," in ji shi, muryarsa kamar yana karanta takarda. "Na yi musu filashin suka riƙa faɗin sunan manya, na canza musu riga. Da Sannu-Sannu ya buɗe ya gane. Ya kira ni kafin mai shi ya zo, wai don zumunci. Ya ce zai mayar wa katin rubutunsa na gaskiya ya nuna. Na durƙusa masa. Ya juya mini baya ya danna."

"Ɗana, abu ɗaya ne ban gane ba," in ji Mai Sawu. "Kai ka ce mini in aka zare wuta a tsakiya, katin ko sunansa ba zai faɗa ba. Da ka zare, da shaidar ta mutu, da ka fita da takalmi busasshe. Me ya tsayar da kai?"

Gwani ya ɗago ya dube shi kamar an tambaye shi me ya sa yake numfashi.

"Yana talatin da ɗaya fa, Baba. Ba a zarewa."

Mahaucin ya ɗauke shi da mari ɗaya, ya buga kansa da ƙarfen baranda har haƙora biyu suka faɗo, ya cilla shi matakala. Ya bi shi da wuƙa. Mai Sawu ya sa sanda ya doke masa wuyan hannu, wuƙar ta faɗa tsakar gida tana ƙara. Maza huɗu suka danne mahaucin yana kiran sunan ƙanensa. Mutanen da ɗazu ba su iya cewa uffan ba, yanzu kowa ya samu ƙafar shurin Gwani. Mai kitso ce ta zare makulli daga aljihun mahaucin ta buɗe wa 'yan sanda, waɗanda tun ɗazu suke dukan ƙofa.

*

Ni na kwance Dogo. Ƙullin mahauta ba ya kwantuwa da hannu, sai da na sa wuƙar da aka so yanka shi da ita. Idonsa ɗaya ya rufe, yatsu uku sun juya inda ba a halicce su ba.

Kafin a tafi da mahaucin don ya ba da bayani, ya zo ya durƙusa a gaban teburina. Fuskarsa duk hawaye.

"Kaka, a yafe mini."

"Ni hannuna lafiya ƙalau," na ce. Na ɗaga na Dogo na sa masa a gaban ido. "Da wannan yake ciyar da mutum huɗu. Ga mai shi nan, tambaye shi."

Dogo ya tofar da jini.

"Maganar da na yi wa ƙanenka ta ƙarshe ke nan, wai zan fasa masa kai," in ji shi. "Yaushe za a kai shi?"

"Gobe da hantsi, in sun ba mu shi."

"Ku bar mini gefe ɗaya na makara. Zan ɗauka da hagu."

Ya kuwa ɗauka, an ce har kabari bai bari an karɓe shi ba. Yatsu biyu sun gyaru, na tsakiya ya ƙi lanƙwasuwa, yanzu da hagu yake aiki yana zagin kowa. Shi ya yafe, shi ya sani. Ni dai duk ranar da mahaucin ya aiko mini da tsoka a leda, karɓa nake yi in ce a gaya masa ban yafe ba tukuna.